Ƙofa Ɗaya, Matsayi Uku: Jawabi kan 'Yancin Ƙungiya a Jami'o'in Nijar

Ga jawabin da aka karanta a Dakoro gaban taron malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa.



Babu jami'a a Dakoro. Wadda ta fi kusa tana Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 100 zuwa kudu. Saboda haka mai sauraro yana da hujja in ya tambaya, me ya haɗa mai awon gero ko dillalin shanu da rigimar malaman jami'a da gwamnati? Amsar farko tana cikin aljihunsa. Yaron da ya ci jarrabawar bak daga Dakoro ko Kornaka ko Sabon Mashi ko Birnin Lalle, Maraɗi yake nufa, ko Yamai, ko Damagaram. Uba ya sayar da sa ya kama masa ɗaki, uwa ta ɗaure masa ƙullin gari da ƙuli, da lissafin cewa karatun shekara 3 ne. In yajin aiki ya shiga, shekara 3 ta koma 4 ko 5, kuma kowace shekarar da ta ƙaru wata dabba ce za ta bar garke. Shi ma ɗan kasuwa ya san abin da jinkirin albashi ke nufi, domin littafinsa na bashi cike yake da sunayen ma'aikata. Waɗanda suka yi kasuwanci a shekarun 1990, lokacin da ma'aikaci kan bi gwamnati bashin watanni barkatai, ba su manta ba.

Amsa ta biyu ita ce ta fi nauyi, kuma ita ce gindin wannan jawabi. Dokar da ta ba shehun malami na jami'a izinin shiga ƙungiya, ita ce ta ba malamin kwantiragi na ƙauyen Tarka, ita ce kuma ta ba yaron shago. Asalinsu ɗaya. Sai dai wajen aiki da ita ne aka yi wa wani babban rabo, aka bar wani da suɗi, har a cikin harabar jami'a ɗaya. Wannan rashin daidaito shi ne ke raunana haƙƙin baki ɗayansa, har na wanda yake ganin nasa ya tsira.

A koma baya kaɗan, domin wannan haƙƙi ba kyauta ba ne da wani ya miƙo. A zamanin mulkin mallaka, talakan wannan ƙasa bai san kwantiragi ba, aikin tilas ya sani: a kama shi ya yi dako, ya fasa dutse, ya share hanya, babu ko tamma. Sai 11 ga Afrilu 1946 aka soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Ma'aikatan jirgin ƙasa na layin Dakar zuwa kogin Kwara suka yi yajin aiki na fiye da wata 5, daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948, kan magana ɗaya, wato a daina raba ma'aikata gida biyu, Bature da tsarinsa, baƙar fata da nasa. A 1950 dokar Lamine Guèye ta amince cewa ma'aikacin gwamnati ɗan Afirka da Bafaranshe masu matsayi ɗaya su ci albashi da alawus iri ɗaya. Daga nan sai babbar dokar ƙwadago ta ƙasashen renon Faransa ta 15 ga Disamba 1952, wadda ta kafa mako na awa 40, ta tsare 'yancin sandika, har ta bayyana cewa matar aure mai sana'a tana iya shiga ƙungiya ba sai mijinta ya sa hannu ba. A nan Nijar, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ɗaukar wannan tuta malamin makaranta ne, Djibo Bakary, wanda ya tara leburori da 'yan dako da ma'aikatan kamfanoni kafin ya zama jagoran Sawaba. Abin lura a nan shi ne, tun farkon tafiyar, neman 'yancin ƙungiya da neman daidaito tare suka taso, kuma mai ilimi ne ya sauko ya tsaya da lebura.

Da aka samu mulkin kai, ƙasar ba ta yi jinkirin rattaba hannu ba. Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, kan 'yancin kafa ƙungiya a 1961. Ta amince da mai lamba 98 kan cinikin sharuɗɗan aiki tsakanin ƙungiya da mai ba da aiki, da mai lamba 111 da ta hana wariya wajen ɗaukar aiki, a 1962. Mai lamba 100 kan albashi ɗaya ga mace da namiji ta biyo baya a 1966. Hannu kam an sa. To, amma an haramta Sawaba tun 1959, aka tara ma'aikata cikin uwar ƙungiya guda wadda ba ta motsi sai yadda jam'iyya mai mulki ta so, kuma da soja suka karɓi ragama a 1974 igiyar ba ta saki ba. Cikin wannan yanayi aka haifi jami'ar Yamai: cibiyar karatu mai zurfi a 1971, cikakkiyar jami'a a 1973.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ce ta sauya lissafi. Ɗalibai 'yan ƙungiyar USN suka fito daga harabar jami'a suna ƙin tsuke bakin aljihun da Bankin Duniya ya shimfiɗa wa fannin ilimi, suka hau gadar Kennedy, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka kashe 3 bisa ƙidayar hukuma. Jinin da ya zuba a gadar nan shi ya tsinke igiyar da ke ɗaure da uwar ƙungiyar ma'aikata USTN. Cikin Nuwamba 1990 ta kira yajin aiki na gama-gari, ƙasa ta tsaya cik, kuma a tsakiyar watan Janar Ali Saibou ya amince da jam'iyyu barkatai. Gagarumin Taron Ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, malamin jami'a ne ya shugabance shi, Farfesa André Salifou, kuma ma'aikata da ɗalibai suna cikin masu faɗa a ji. A 1992 aka raɗa wa jami'ar sunan Abdou Moumouni, masanin hasken rana haifaffen Tasawa, ɗan wannan jaha tamu, wanda ya rasu a 1991. Duk jam'iyyar da ta yi kamfe a Dakoro daga 1993, duk jaridar da ta zagi minista ta kwana lafiya, ta ci albarkacin ma'aikata da ɗaliban da suka tsaya a 1990. Wannan bashi ne da 'yan siyasa ba su cika son a tuna musu ba.

Ba a daɗe ba aka fara janye abin da aka bayar. An karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, albashi ya zama ba ya kai rabin wata. Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki ran 27 ga Janairu 1996, kuma bai cika wata 2 ba aka fitar da dokoki biyu masu lamba 96-009 da 96-010 na 21 ga Maris 1996, ɗaya kan sharuɗɗan yajin aikin ma'aikatan gwamnati, ɗaya kan jerin ayyukan da aka ce ba za a tsayar ba. Ƙwararrun OIT sun yi shekaru suna jan kunnen Nijar cewa ikon da dokar ta ba hukuma na tilasta wa mai yaji komawa aiki ya yi faɗi da yawa. A ƙa'idarsu, ba a tilasta wa mai yaji sai inda tsayar da aikin zai jefa rai ko lafiya ko tsaron jama'a cikin haɗari, kamar asibiti da ruwan sha, ko kuwa lokacin babban bala'in da ya auka wa ƙasa. Koyarwa ba ta cikin wannan sahu, ko da yake sun yarda a nemi wani ɗan aiki na dole in yajin ya yi tsawo ƙwarai.

Yanzu a zo ga dokar da ke hannu. Dokar ƙwadago ta 29 ga Yuni 1996 ta ba da wuri ga doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012. Wanda ya karanta ta zai yi mamakin kyawunta. Aya ta 5 ta hana mai ba da aiki ya dubi jinsi, ko shekaru, ko asali, ko launi, ko addini, ko ra'ayin siyasa, ko naƙasa wajen ɗauka da biya da ƙarin girma da kora. Ta ambaci ciwon sida da sunansa. Ta ambaci amosanin jini, wanda ake ce wa emasi, abin da dokokin ƙasashe da yawa ba su tuna da shi ba, alhali kuwa kusan babu dangin da cutar ba ta taɓa ba a ƙasar Hausa. Ta kuma hana a hukunta mutum don yana cikin sandika, ko don ba ya ciki. Dokar ta ce aiki mai daraja ɗaya, lada ɗaya. Ta ce inda ma'aikata suka haura 10 su zaɓi wakilinsu, kuma ba a korar wakilin nan sai sufeton ƙwadago ya duba ya yarda. Ta ba mai ciki hutun mako 14, ta haramta neman mace da lalata a bakin aikinta.

Amma tun a farkonta dokar ta ja layi. Ta ce wanda aka naɗa a kujerar dindindin ta gwamnati ba ya cikin waɗanda take magana a kansu. Shi yana da tasa dokar, wato babban tsarin ma'aikatan gwamnati na 23 ga Yuli 2007, ko kuwa wani tsari na musamman irin na alƙalai da malaman jami'a. A bakin wannan layi ne maganar yau take.

A tsaya da safe a ƙofar jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Tawa da ta Damagaram, a dubi masu shiga. Ga malami mai bincike, wanda ke da tsarinsa na musamman. Ƙarin girmansa ba a hannun minista yake ba, yana hannun majalisar CAMES da aka kafa a Yamai a 1968, wadda ke zaune a Wagadugu, inda takwarorinsa na ƙasashe da dama ke auna rubuce-rubucensa. Yana da ƙungiya mai ƙarfi, SNECS, wadda in ta yi tari gwamnati ta ji. Ga na biyu, ma'aikacin ofis da mai kula da ɗakin gwaje-gwaje da direba da mai ɗakin karatu. Su ma suna da ƙungiya, amma in sun yi yaji sai a ji labarin a shafin ciki, ko da yake ba a buga takardar jarrabawa ko a kunna na'urar gwaji sai da su. Ga kuma na uku, wanda shi ne ya fi yawan shiru: malamin wucin gadi da ake biya bisa awa, sau da yawa bayan watanni, da mai gadi da mai shara waɗanda a ma'aikatu da yawa wani ɗan kwangila ne ke kawo su, ta yadda in sun yi kuka ma'aikatar ta ce ba yaranta ba ne. Dukansu ƙofa ɗaya suke shiga, rana ɗaya take dukansu. A takarda na ukun yana da 'yancin kafa ƙungiya daidai da na farkon. A aikace, ba sai an kore shi ba. Ya isa kawai a ƙi kiransa a zango mai zuwa, kuma babu sufeton da zai iya cewa an yi kora, tunda ba a yi ba.

Wannan dabara ta ƙin sabunta kwantiragi ita ce makamin da ya fi kowanne kaifi a zamanin nan, kuma mutanen Dakoro sun fi mutanen Yamai saninta. Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta daina ɗaukar malaman firamare a matsayin cikakkun ma'aikata yadda ta saba, ta koma ga 'yan sa-kai, daga baya 'yan kwantiragi, har suka zama su ne mafi yawa a azuzuwan ƙasar. Mushe biyu a makaranta ɗaya, allo ɗaya, yara ɗaya, wannan yana da albashi da ƙarin girma da fansho, wancan yana da ɗan abin da ake ba shi wanda yakan makara, kuma yakan bar aji ya yi tafiyar yini zuwa babban gari don ya karɓa. A 2017 aka yi musu jarrabawar tantancewa, ƙungiyoyi suka ƙi, aka soke kwantiragin dubbai. Gaskiya ne cewa akwai waɗanda aka ɗauka ba su iya abin da za su koyar ba, kuma iyaye suna da haƙƙin a ba 'ya'yansu malamin kirki. Amma wanda ya ɗauke su da arha ba tare da horo ba shi ne ya dawo yana tuhumarsu da rashin sani. Ɗaliban da waɗannan malamai suka yaye su ne ke cika ajin farko na jami'a, kuma shehun malamin da ke kukan cewa yaran yanzu ba su iya rubutu ba, yana girbin abin da aka shuka ne a Azagor da Bader Gula.

Rigimar da ta fi girgiza jami'o'in ƙasar a shekarun baya daga Maraɗi ta taso. Bayan Taron Ƙasa an saba jama'ar jami'a su zaɓi shugabansu. A 2018 ma'aikatar ilimi mai zurfi, ƙarƙashin minista Yahouza Sadissou, ta tsayar da zaɓen shugaban jami'ar Maraɗi, SNECS ta shiga yajin aiki, aka yi ta ja har cikin 2019. Hujjar gwamnati ita ce, ita ke zuba kuɗi, kuma shugaban da malamai suka zaɓa ba ya iya tsawata wa waɗanda suka zaɓe shi. Hujjar malamai ita ce, shugaban da majalisar ministoci ta naɗa bawan wanda ya naɗa shi ne, kuma jami'ar da ke jiran umarni daga fada ba za ta iya faɗa wa fada gaskiya ba. Suna da madogara, domin shawarar UNESCO ta 1997 kan matsayin malaman manyan makarantu ta ɗauki cin gashin kan jami'a da sa hannun malamai cikin tafiyar da ita a matsayin ginshiƙin 'yancin ilimi. A 2019 majalisar dokoki ta amince da naɗi, malamai suka sha kaye.

Me ya sa suka sha kaye, alhali hujjarsu ta fi ƙarfi? Domin sun shiga fagen su kaɗai. Uban da ke Dakoro bai ga abin da zaɓen shugaban jami'a zai ƙara masa ba, ya dai ga ɗansa zaune gida wata da watanni. Mai gadi bai ga sunansa cikin takardar buƙatu ba. Malamin kwantiragi ya tuna cewa lokacin da aka yi masa tasa a 2017 bai ji ƙarar da ta kai wannan daga jami'a ba. Gwamnati kuwa ta san lissafin nan sarai, ta bar yajin ya yi tsawo har jama'a suka gaji. A 1990 ɗalibi da malami da ma'aikacin lantarki da lebura sun tsaya wuri ɗaya, soja ya ja da baya. A 2019 kowa da kiɗinsa, ga manyan ƙungiyoyi sun rarrabu tun bayan da CNT ta fito a 1996, CDTN a 2001, wasu kuma suka biyo baya har suka fi ƙarfin ƙidayar yatsun hannu.

Masu zuwa Jibiya da Katsina da Kano sayen kaya sun san cewa maƙwabta ma sun sha wannan ruwa. Ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya, ASUU, an kafa ta a 1978. Gwamnatin Janar Babangida ta haramta ta a 1988, ta sake haramta ta a 1992, lokacin Attahiru Jega na jami'ar Bayero ta Kano yana shugabanta, amma duk da haramcin sai da gwamnati ta zauna da ita aka sa hannu kan yarjejeniyar 1992. A 2001 jami'ar Ilori ta kori malamai 49 saboda yajin aiki. Sai 2009 kotun ƙoli ta mayar da su, bayan wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. A 2022 ASUU ta yi yaji na wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, gwamnati ta riƙe albashi, ta kai ta kotu, ta kuma yi wa wata kishiyar ƙungiya rajista. Darasin da ke ciki ga Nijar kashi biyu ne. Haramci bai kashe ƙungiya ba. Abin da ya fi yi mata illa shi ne gajiyar iyaye, da kuma tsamin dangantaka tsakaninta da ƙungiyoyin ma'aikatan da ba sa koyarwa, waɗanda kullum ke ƙorafin cewa in an raba kuɗin alawus su ake ba ƙashi.

A nan ya kamata a faɗa wa ƙungiyoyi wata gaskiya da ba su son ji. Kwamitin OIT mai kula da 'yancin ƙungiya bai ɗauki yanke albashin kwanakin yaji a matsayin zalunci ba. Yaji sadaukarwa ce, mai yinsa yana aje ladansa don ya nuna nauyin aikinsa. Abin da ƙa'ida ta hana shi ne kora, da sauyin wurin aiki na ramuwa, da yanke fiye da kwanakin da aka yi. Kuma kowa a nan ya san irin sauyin wurin aikin da ake nufi, domin shekara da shekaru akan tura ma'aikacin da ya cika baki can arewa, bakin daji, kamar garuruwan makiyaya gidan kaso ne. Wannan cin fuska ne ga ma'aikacin, cin fuska ne kuma ga mutanen wurin da aka mayar da garinsu bulala.

Maganar mata ba za a wuce ta da sauri ba. Lokacin da aka kafa kwamitin shirya Taron Ƙasa a 1991, mace ɗaya tak aka sa a ciki, kuma waɗanda suka yi wannan rabon har da 'yan ƙungiyoyin da ke kiran dimokuraɗiyya. Ran 13 ga Mayu 1991 mata suka yi jerin gwano a Yamai har ofishin firaminista, aka ƙara musu kujeru, ranar ta zama ranar matan Nijar. Dokar kaso ta 2000 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, aka ɗaga su zuwa 25 da 30 a 2019. Amma a dubi teburin shugabannin ƙungiyoyi ranar 1 ga Mayu a ƙidaya kallabi. A jami'a kuwa, matsalar tana farawa tun kafin ƙofa: yarinyar da aka cire daga aji a Dakoro tana shekara 14 ba za ta zama farfesa ba, komai kyawun aya ta 5. Wadda ta kai, in tana aikin awa ne, hutun mako 14 bai same ta ba, domin wanda ba ya aji ba a rubuta masa awa. Ita kuwa ɗaliba da malami ya matsa wa, dokar ƙwadago ba ta san da ita ba, tunda ba ma'aikaciya ba ce; sai dai ta nufi dokar hukunta laifuka, in tana da ƙarfin zuciyar tsayawa gaban wanda makinta ke hannunsa. Ƙungiyar da ta kare ɗanta a irin wannan laifi don kawai ɗanta ne, ta zubar da mutuncin da za ta buƙata gobe.

Sai kuma halin da aka shiga bayan 26 ga Yuli 2023. Soja ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani sun jingine kundin tsarin mulki na 2010, wanda ya tsare 'yancin sandika da na yajin aiki. A Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa. A Agusta 2025 ministan cikin gida ya sa hannu kan takardun rushe ƙungiyoyin fannin shari'a, har da SAMAN ta alƙalai, kuma cikin 'yan kwanaki aka kori babban sakatarenta daga aikin alƙalanci. Kowa yana iya riƙe ra'ayinsa kan alƙalan ƙasar nan, kuma talakan da ya taɓa kai ƙara yana da abin faɗa. Amma aya ta 4 ta yarjejeniya mai lamba 87, wadda Nijar ta sa wa hannu tun 1961, ta hana hukumar mulki rushe ƙungiyar ma'aikata ko dakatar da ita. Wannan aikin kotu ne, bayan an saurari wanda ake tuhuma. Yarjejeniyar ta bar wa ƙasa ta yanke yadda za ta yi da soja da 'yan sanda kaɗai. Alƙali yana da tsari na musamman kamar yadda malamin jami'a yake da shi, ya fi shi kusa da doka, amma takarda ɗaya ta isa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an san abin da ake yi wa naka.

Alhazan kasuwa da ke zaune a nan kada su ɗauka maganar ta tsallake su. Mai shago da mai motar haya da mai gidan burodi masu ba da aiki ne a idon dokar 2012, ko an rubuta kwantiragi ko da baki aka yi. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa jika 42 tun 1 ga Janairu 2024, kuma doka ta ɗora wa mai ba da aiki ya yi wa ma'aikacinsa rajista a asusun CNSS, inda za a biya shi in ya ji rauni a bakin aiki. Sanin kowa ne cewa tsarin ubangida da bara yana da alherinsa: ubangida yakan yi wa yaronsa aure, ya ba shi jari, ya ɗauki nauyin jinyarsa, abin da babu dokar da ta tilasta masa. Amma duk wannan yana rataye ne da halin mutum ɗaya da tsawon ransa. Ranar da Alhaji ya rasu magada suka raba shago, yaron da ya yi shekara 15 yana ɗaga buhu ba ya cikin masu gado, ba ya kuma cikin littafin kowane asusu. 'Yan kasuwa da masu motoci su da kansu suna da ƙungiyoyinsu, kuma da su suke zuwa gaban kwastan da ofishin haraji in an matsa musu, ƙarƙashin yarjejeniyar nan mai lamba 87, domin ta haɗa ma'aikata da masu ba da aiki. Yaron shagon da aka sallama ba haƙƙi kuwa, hanyarsa ita ce ya kai kuka wurin sufeton ƙwadago, wanda zai fara neman sulhu kafin magana ta je kotun ƙwadago, kuma kafin ya ga sufeton nan sai ya nemi kuɗin mota zuwa Maraɗi da dawowa.